Hannuna Bisa Ƙirjin Maccido

Sunana Rufus, ni kaɗai na ma'aikacin lahiya a ɗan asibitin ƙauyenmu, gangaren dam ɗin Goronyo. Likita su ka ce min, ni kau ko ƙohwar makarantar likita ban taɓa takawa ba.

Bara da rani anka kira mu bita Sakkwato, wai an sake ƙa'idojin ceton gaggawa. Wata malama mai suna Alice tad durƙusar da mu gaban mutum-mutumin roba, muna danna mai ƙirji har gumi yaj jiƙe mu sharkaf. Wanda ruwa yac ci, in ji ta, an bar kihe shi bisa turmi ana matsa mai ciki. A hura mai iska, a danna ƙirji. "In kun hwara," tac ce, "ba a ɗaga hannu sai motar asibiti ta iso." Munka amsa baki ɗaya awa 'yan firamare, nid dawo gida kaina ya yi girma.

Ba a jima ba anka saki ruwan dam. Maccido, wani manomin albasa, yas shiga magudana ciro tiyon injin ban-ruwanai, ruwa yaj ja shi. Kahin in iso an hidda shi, har an gangaro da turmi.

"A kauda turmin ga!" nic ce.

Baba Yari, dattijon unguwa, yad dube ni sama da ƙasa. "Mi za ka yi mai, Likita?"

"Sabon tsari na, Baba. Ku dai kira Sale direba ya kawo motar asibiti."

Nid durƙusa nih hwara. Kai, jama'a, mutum ba roba ba na! Jikinai sanyi ƙalau, laka cike da baki. Ina hurawa ina dannawa, rana na dukan ƙeyata. Can nij ji ƙas ƙarƙashin hannuna, haƙarƙari ya karye. Mata sunka ɗauki salati. An gaya muna ana haka, amma wallahi tsoro nij ji.

"Yaron ga ya cika," Baba Yari yac ce a hankali. "Bar shi mu kai shi gida."

"Sai mota ta iso!" Tsawa nid daka mai, tsohon da ko idonai ba ni iya dubi.

Abdulƙadiri, ƙanen Maccido, yah hau tudu da waya shina neman sabis. Da yas sauko bai dubi kowa ba. Sale ya ɗauka, in ji shi, amma ya wuce Wurno tun da hantsi. Ma'aikatan da ba su samu bitar hwarko ba yak kwasa zuwa Sakkwato, kuma an ce ya jira su sai an tashi.

Haushi yak kama ni, na rasa wa zan zaga. Nic ci gaba da dannawa, don ban san mi ad da sauran yi ba. Mutane sunka ja baya sunka tsuguna.

Sai uwar Maccido, Inna Kaltume, tat taho tad durƙusa gabana. Na ɗauka zagi za ta yi, da ma ta yi da na hi jin sauƙi. Tas sa gehen mayahinta tas share min gumi.

"Sannu, ɗana," tac ce. "Ya isa hakanan."

"Inna, ba a ba ni izinin tsayawa ba."

Ina maganar ina kuka. Taj jinjina kai, tak kwance mayahin tar ruhe ɗanta tun daga kai har gwiwa, hannuwana na ƙarƙashi suna dannawa.