Rufin Laburaren Jibiya

Maharazu magini ya hau rufin laburaren Jibiya ranar kasuwa, yana da shekara saba'in da takwas.

Mahaifinsa ne ya gina wurin, shi kuma ya kwaɓa ƙasar tun yana saurayi. Kaurin bangon kamu biyu ne. Bakan gizo huɗu, wato lanƙwasassun ginin ƙasa daga bango zuwa bango, suka riƙe rufin, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Tagogin ƙanana ne, can sama, don haske ya shiga rana ta tsaya waje. Saboda sanyin ciki, direbobin da ke jiran layin boda nan suke zuwa, su buɗe jarida su yi barci.

Ran nan Injiniya Sakinatu ta zo da takarda. Ta ce rufin ya tsufa, ba zai ɗauki mutum uku ba, za a rushe a sa kwano.

"Mutum nawa kinka ce, ɗiyata?" in ji Maharazu daga sama.

"Uku, Baba. Don Allah ka sauko."

Sai ya ƙwala wa Manu kira, wani ƙaton direba ɗan Maraɗi. Manu ya hau, tsani na kuka. Mai shayi ya biyo shi da butarsa. 'Yan kabu-kabu suka yar da babura suka yi layi. Wani ya hau da buhun gero a ka, wani da tunkiya.

"Ashirin da shida!" in ji Manu. "Tunkiya ma a ƙirga ta, Injiniya!"

Maharazu ya buga ƙafa. Kowa ya buga. Kafin a ankara abin ya zama rawa, tunkiya na kuka, mai shayi na kaɗa buta. Tsohon da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ga shi yana dariya har hula ta faɗo.

Sakinatu ta shiga ciki. Ta ɗaga kai, ta shafa littattafai. Ko ƙwayar ƙasa ba ta zubo ba. Ta fito tana dariya.

"Baba, na yarda! Gobe in na je ofis zan sake takarda. Sauko haka nan."

Maharazu ya zauna, ya miƙe ƙafafu.

"Ga biro nan a hannunki. Ba ni sauka sai kin sake takardar yanzu."