Bugun Farko na Baba Sylvanus

"Ku kashe motar nan, mai kuke ƙonawa a banza," in ji Baba Sylvanus. Ya riƙe ƙyauren ɗakinsa da hannu biyu, ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga silifa.

'Yarsa Dorcas ce ta ɗauko shatar motar. Asibiti sun sallame shi, sun ce a je gida a yi ta addu'a, su kuma dangi sun fi so a kai mutum ƙauye da ransa.

"Baba, don Allah. A kan littafi?"

"A kan littafi. Tagwai, nuna mata."

Ni ne Tagwai, ɗakina na jikin nasa a gidan haya a Nasarawa, gyaran keke nake yi. Karatuna bai yi nisa ba, amma labarin littafin nan na haddace shi, don tun da ya bar aikin masaƙa ba shi da wata hira. Labari ne na ƙirƙira, inda Turawa suka zo da jiragen ruwa aka ci su da yaƙi. Yana da bugu iri-iri a akwati, dukkansu sun ƙare da sarakuna suna aika wa Turawan su yi haƙuri su dawo. Shi kuwa ya rantse wanda ya karanta yana yaro a makarantar mishan ba haka ya ƙare ba. Kowa ya ce tsufa ne. Shekara da shekaru yana neman bugun farkon, mai jan bango da hoton jirgi a kife.

A safiyar nan na gan shi, a gindin kaskon Indo mai ƙosai, na karɓo shi. Cikin tsofaffin takardun da take saya don naɗi ya zo. Indo kuma daga baya take yagar littafi, wai ta nan ya fi saurin cirewa.

Baba ya karɓa, ya shafa bangon, ya juya bayan littafin. Sai ya ji gurbin shafukan da aka yage.

"Ina ƙarshen?"

"An ci ƙosai da shi, Baba."

Direba ya fashe da dariya. Baba ya zauna a dokin ƙofa.

"To, ko ku nemo shi, ko ku ɗauke ni da ƙofar."

Na koma wurin Indo. Ta ce, "Kai Tagwai, ni na san takarda tana da dangi? 'Yan masaƙa ne suka saya, masu aikin safe." Na hau keke na bi hanyar da suke bi, ina tsintar duk takarda mai maiƙo. Wani mai gadi ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. A bakin kwata na tsinci wasu, ɗaya kuma a hannun wani yana shirin goge baki da ita.

Dorcas ta jera su bisa lamba. Shafin ƙarshen yana ciki, amma mai ya jiƙa shi, rubutun gaba da na baya sun hau juna.

"Ba ya karantuwa, Baba. Mu tafi."

"Ke dai ba ki yi masaƙa ba. A daka alli, a barbaɗa, a rufa tsumma, a bi da dutsen guga. Kada ya yi zafi sosai."

Direban da kansa ya fifita gawayin, tun da ya ga tafiya ba yanzu ba. Allin ya sha man, ya koma rawaya. Dorcas ta hure shi, ta matsa bakin taga tana karantawa da Turanci, Baba yana juya mini da Hausa. Jirgin ƙarshe ya juya. Wata tsohuwa a bakin teku tana kallo har ya ɓace, sannan ta koma shanyar kifinta.

"Sai me?" in ji Baba.

"Shi ke nan. Ƙasan fari ne."

"Ba sarki? Ba ɗan aike?"

"Babu, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tsufa, ko? Ku kira su Alexander, duk masu cewa na ruɗe. Su zo su karanta da idonsu."

"Yanzu sai mu tafi?"

"Ina? In tafi wa zai nuna musu? Sallami direba."

Dorcas ta fita ta sallame shi.

Alexander ɗin, tsohon abokin aikinsa, ya zo da yamma, ya sa tabarau ya karanta, ya cire hula. Baba ya sa shi ya maimaita da ƙarfi don matan gida su ji. Daga ranar Baba bai ƙara fita tsakar gida ba. Ran Lahadi, ana dawowa daga coci, Dorcas ta leƙo ta kira sunana a hankali.

Da aka fitar da gawarsa na shiga rufe taga. Takardar tana nan inda Alexander ya ajiye ta, an danne da dutse, tururuwa sun yi layi a gefen da ke da sauran maiƙo.