Motar Ta Ƙi Tashi, Ni Na Tashi

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu in na tuna sai na dafa ƙirjina in ji ko lafiya. Sunana Mati, akori-kura nake ja, kuma ba na ƙarin gishiri a magana. Abin da na gani shi zan faɗa.

Na gan ni a bakin wani titi da rana tsaka, motata maƙare da kwandunan tumatir na yayana Jatau. Noman raninsa ke nan kaf, ya damƙa min in kai kasuwar 'yan gwari kafin rana ta dafa shi. Na murɗa makulli. Injin ya juya, gir-gir-gir, da ƙarfinsa, amma bai kama ba. Na sake, haka dai. Batir ba shi da laifi, don fitila na kawowa, hon kuwa da na danna sai da ya yi tari ya ce in bar shi ya huta.

Sai ga ni a gareji. Ban tura motar ba, garejin ne ya taso ya same ni. Bakaniken bunsuru ne, rigarsa duk baƙin mai, sifana a bayan kunne. Oga Barau ake ce masa.

"Direba, me ka yi mata?"

"Ban yi mata komai ba, Oga. Tana juyawa, ba ta kamawa."

"Duk haka kuke cewa. Kun yi faɗa?"

"Da mota?"

"To da wa?"

Ya ɗaga bonet da ƙaho, ya leƙa, ya ɗanɗana wata waya ya ce gishiri ya yi mata kaɗan. Sannan ya dube ni.

"Mota abu uku take ci: wuta, iska, mai. In tana juyawa ba ta tashi, ɗaya ne bai zo aiki ba. Riƙe nan."

Ya zare wayar fulogi ya danƙa min a hannu, ya shiga ya murɗa makulli. Wayyo! Wuta ta fizge ni tun daga yatsa har haƙori. Hulata ta yi sama, ta samu wuri ta zauna, ba ta dawo ba.

"Akwai wuta," in ji shi, ko sannu babu.

Ya buɗe murfin da iska ke bi ta shiga injin. Wata kaza ce a ciki tana kwancin ƙwai.

"Hajiya, iska na wucewa?"

"Tana wucewa. Ku rufe min ƙofa."

Ya rufe.

A nan na waiga baya. Tumatir ya fara tsiyaya. Kuma ruwan ba ƙasa yake zuba ba, sama yake tafiya, ɗigo-ɗigo, ja wur. Cikin kwandon tsakiya Yaya Jatau ne zaune, ya naɗe ƙafa.

"Mati, rani guda na yi ina ban ruwa," ya ce.

Na ce, "Oga, don Allah a hanzarta."

Ya cire tiyon da ke kai mai kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, ya girgiza. A bushe.

"Ga ɓarawon. Mai bai iso ba. Sai a zuƙo shi da baki."

"To zuƙo mana."

"Ni in na sa tiyo a baki cinyewa zan yi. Kai dai."

Wannan ba baƙon aiki ba ne a wurina. Ka zuƙa, in man ya taho ka tara a baki ka fesa cikin kafireto, don da tsadar nan ba mai zubarwa ƙasa. Na zuƙa, shiru. Na ƙara ƙarfi. Sai ga shi ya taho gaba ɗaya, kumatuna suka cika tam.

Daidai nan wani dattijo mai sanda ya tsaya a kaina.

"Salamu alaikum."

Na ɗaga masa hannu. Bai karɓa ba. Ya sake yi, ya zuba min ido. Har kazar ta leƙo. Babba ya yi maka sallama ka yi masa shiru? Na haɗiye, na amsa.

Oga Barau ya matso, ya kara kunne a cikina.

"Wuta ta shiga ɗazu. Iska kana da ita. Yanzu ga mai."

Ya kama kunnena ya murɗa. Ƙirjina ya yi gir-gir-gir. Na kama.

Innalillahi! Ina tsaye jikina na karkarwa, hayaƙi na fita ta ƙafar wandona. Na buɗe baki zan yi salati, sai ƙarar injin.

"Ya tashi," in ji Oga Barau. "A yi lodi."

Aka sauke kwandunan aka jibga min a gadon baya. Motar ta ja jiki ta koma inuwa ta kwanta. Yaya Jatau ya haye wuyana, ya kama kunnuwana biyu.

"Mu je, ƙanena. Allah ya yi maka albarka."

Ban taɓa gudu irin wannan ba. Na wuce tirela, na wuce wani jirgin sama da ya tsaya shan ruwa. Can sai ga kasuwa, ga rumfuna, ga dillalai sun fito titi suna ɗaga hannu, tumatir kuma da sauransa.

"To, tsaya haka nan," in ji Yaya Jatau.

Na laluba da ƙafar dama. Babu komai.

"Mati, taka birki!"

"Yaya, birkin yana jikin motar!"

Muka wuce ta tsakiyar dillalan fuu. Kasuwar ta ƙanƙance a bayanmu. Ina jin kwandunan suna raguwar nauyi ɗaya bayan ɗaya, har bayana ya zama sakayau. Yaya Jatau bai zage ni ba. Ya sunkuyo saitin kunnena, a hankali ya ce, "Ka wuce kasuwa, Mati."

Sai na ji ƙwanƙwasa, ƙwan-ƙwan-ƙwan. Na buɗe ido. Mai ruwa ne yake buga ƙofar gida da murfin jarka, yana tambaya ko a shigo da shi.