Tankin da Carmelo Ya Bari

A sana'ata ta sayar da kifin ado, idan mutum ya shigo shago ya ce kifinsa ya mutu, ko kai ba na ɗagawa. Kifi rago ne, abu kaɗan ya juya ciki sama. Amma ranar da Merle Zappala ta bugo waya ta ce 'yan zuma sun fara mutuwa, sai da na ajiye ragar da ke hannuna.

'Yan zuma su ne ƙananan dodon koɗin nan baƙaƙe masu ratsin ruwan ɗorawa, da kyar suka kai ƙwayar gyaɗa. A cikin 'yan sharar tanki, wato halittun da muke zubawa don su cinye dattin da kifi ya bari, babu masu taurin rai irinsu. Ba sa cin gansakuka, ko da wasu masu shago sun rantse maka suna ci. Nama suke so, ragowar abinci da mushe. Duk tankin da ya kai ga kashe su, to ya daɗe da lalacewa.

Tankin na mijinta ne, Carmelo. Manomin rake ne da ya sayar da gona ya dawo unguwarmu ta bakin teku a Cairns, ya rasa abin yi da hannuwansa, sai ya kama kiwon murjani, halittar nan ta ƙarƙashin teku mai rassa kamar itace, a tankin gilashi tare da kifi. Shekara goma sha ɗaya duk Asabar sai ya zo shagona ya yi mini gardama a kan abin da ni na koya masa. Ya rasu a watan Agusta. Bayan an dawo daga maƙabarta, ana shan shayi, Merle ta kama hannuna ta ja ni gaban tankin.

"Desley, ni fa ban san komai a kan abin nan ba. Ko taɓawa ba ya bari in yi. Yaya zan yi da su?"

Na ce, "Abinci ɗan kaɗan, sau ɗaya a rana. Kada ki kashe injin da ke juya ruwan. Kin ga layin nan da ya ja da alƙalami a jikin gilashi? In ruwa ya sauka ƙasa da shi, ki cika."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na ƙara da cewa zan riƙa leƙowa, ban kuwa leƙo ba. Ba ni da wani uzuri, ban dai son shiga gidan ne babu muryarsa.

Yanzu ga shi wata uku sun wuce, ga Merle a waya. "Leanne ta zo daga Brisbane. Wai mantawa nake yi, ba na ba su abinci. Don Allah ki zo ki gaya mata, ke za ta yarda da ke."

Na san abin da ke ƙasa. Leanne ita ce 'yarta tilo, kuma tun rasuwar take so ta ɗauke uwar zuwa wani gidan tsofaffi kusa da ita. Sau ɗaya Merle ta bar buta a kan wuta har ta ƙone, shi ke nan maganar ta samu gindin zama. Da kyar suka daidaita a kan cewa za a duba zuwa Kirsimeti: in tana iya riƙe gida da kanta, a ƙyale ta. Merle kuwa shekararta saba'in da takwas, kuma ta sha gaya mini cewa daga gidan nan sai dai a fitar da ita a kwance.

Na rufe shago na tafi da ma'aunin gishiri a aljihu. Zafin Nuwamba, lokacin bazararmu, ya cika falon, fanka tana ta juya shi kawai. Na nufi tankin kai tsaye. Murjanin da Carmelo yake taƙama da shi ya yi fari fat kamar ƙashi. Kifi biyu ne suka rage, sun maƙale a kusurwa suna haki. 'Yan zuma kuma sun hau gilashi har sun wuce bakin ruwa, sun manne a can suna bushewa. Waɗanda suka mutu Merle ta tsame su ta jera ƙwansonsu a farantin shayi, guda goma sha uku.

Leanne tana tsaye hannu a harɗe. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Ta ce, "Sannu, Desley. Ki dai duba da idonki."

Merle ta ɗauko kalanda daga bango ta miƙo mini. Kowace rana da alamar biro. "Ga shi nan. Ko rana ɗaya ban tsallake ba."

"Mama, mai mantuwa ma ai yana iya yin alama a kalanda."

"Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Na ƙyale su. Na ɗiga ruwan tankin a kan ma'auni na ɗaga shi wajen taga. Talatin da biyar ya kamata in gani. Na ga arba'in da shida. Na goge, na sake ɗigawa, bai canza ba.

Na ce, "Merle, da wane ruwa kike cikawa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. "Da ruwan teku mana, 'yar nan. Ba kifin teku ba ne?"

Na sake duban ma'aunin. Duk wanda ya yi mako ɗaya da tankin ruwan gishiri ya san wannan: ruwa ne yake tashi da zafi, gishirin yana nan a ciki. Da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa. Mun san shi har mun daina faɗa, kamar yadda ba a gaya wa mutum ya buɗe baki kafin ya ci abinci. Wata uku baiwar Allah tana ƙara gishiri a kan gishiri, kullum da safe, cikin ƙauna. Jarkar tataccen ruwan Carmelo tana can ɗakin wanki, ashe da shi take ban ruwan furanninta.

Da ina da hankali, da na ce injin ne ya lalace, na ɗauke maganar daga nan. Amma ni Desley bakina ya fi kaina sauri, kuma a lokacin murna nake yi na samo abin da zai wanke ta. Na juya wajen Leanne har da ɗaga ma'aunin sama.

"Mahaifiyarki ba ta manta komai ba. Wannan gishirin shi ne shaida, wanda yake tsallake kwana ba zai tara shi haka ba. Laifin nawa ne. Na ce mata ta cika, ban ce da wane ruwa ba."

Merle ta zauna a hankali. Ta ce, "To ni na kashe su ke nan."

"Ni na kashe su, Merle."

Ba ta ji ni ba, farantin take kallo. Leanne kuwa wani abu daban ta kama. Ta sauke hannuwanta ta ce, "Tsaya. Mama, a ina kike samun ruwan tekun?"

"A teku, ina kuma?"

"Ta wane waje?"

"Bakin rafi, wajen duwatsun nan. Na gaban gida duk laka ne, babanki ba zai yarda a zuba masa shi ba."

Leanne ta juyo ta dube ni. Bakin rafin nan akwai allon gargaɗin kada, kuma ba don ado aka kafa shi ba, a bara an ga ɗaya ya ɗauke kare a wajen. Duwatsun ga santsi, Merle kuma shekara biyu ke nan da aka sauya mata ƙashin ƙugu.

"Ke kaɗai?" in ji Leanne. "Kullum?"

"Da sassafe nake zuwa, babu kowa ma."

"Babu kowa ma!" Leanne ta dafe kai, sai hawaye. "Mama, wallahi da kin ce mini mantuwa ce da ya fi mini sauƙi. Kina durƙusa a bakin ruwan kada da bokiti, don dodon koɗi? In aka kira ni aka ce ba a gan ki ba, in ce me?"

Na shiga tsakani. Na ce zan riƙa zuwa kullum, ni zan kawo ruwan, ni zan cika, ba za ta ƙara taka wajen ba. Leanne ta share ido ta dube ni, ba tare da ɗaga murya ba ta ce, "Haka kika ce a watan Agusta."

Na mayar da ma'aunin aljihu.

Ba a jira Kirsimeti ba. Mako biyu aka ɗauka ana haɗa kaya, ni kuma ina zuwa ina sauke gishirin kaɗan-kaɗan, don in aka sauke shi lokaci ɗaya ragowar ma mutuwa za su yi. Kifayen ba su kai ba. Cikin 'yan zuma ashirin, huɗu suka tsira, na kwashe su a roba zuwa shago. Duk kwanakin nan Merle takan haɗa mini shayi ta ajiye da biskit, amma ba ta zama. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ƙara yi wa Leanne gardama ba. Wannan shirun ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar tafiya na riƙe mata ƙofar mota. Na ce ta yafe mini. Ta gyara jakarta a cinya, ta daɗe tana kallon gidan, sannan ta ɗago.

"Ba na riƙe ki da komai, Desley. Abu ɗaya ne dai yake ta yi mini yawo a rai. Wata uku ina wucewa ta ƙofar shagonki da bokitin nan, ruwa yana zuba mini a ƙafa. Kullum sai kin ɗago mini hannu."

Gaskiya ta faɗa. Ina ganinta ta gilashi ina share shago, in ɗaga hannu da sauri in sunkuyar da kai, don kada ta tsaya mu yi maganar Carmelo. Ko sau ɗaya ban tambaye ta me ke cikin bokitin ba.

Leanne ta tayar da mota. Na rufe ƙofar a hankali, saboda ƙugun nata.