Waɗanda Suka Wuce ta Layi na Tara

Ni fa ba na yin alkawari in saɓa, kowa a zumuntar mata ya san wannan. Shi ya sa ranar Talata da na je gaisuwar rasuwar Baba mai shara, matarsa na yi mini tambaya na buɗe baki ban tsaya tunani ba.

Shekara goma sha ɗaya Baba yana sharar siton da nake aiki. Ƙaton sito ne, kantoci layi-layi har rufi, aikinmu mu ɗauko kaya mu zuba a kwali a kai wa waɗanda suka saya ta waya. Ni ce shugabar masu aikin safe, mutum arba'in a ƙarƙashina. Cocinmu ɗaya da Baba. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, a benci na biyu take zama in ina koyarwa a zumunta. Ranar Litinin da hantsi ya faɗi a layi na tara, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Ni dai jiniyar motar kawai na ji.

"'Yata," in ji Mama, tana riƙe da hannuna, "ke ce babba a wurin. Abu ɗaya nake so in sani, in na sani sai in iya barci. Shi kaɗai ya cika a ƙasa, ko akwai wanda ya riƙe shi?"

Na ce, "Mama, zan gano miki. In kuma akwai wanda ya gan shi ya wuce, da bakina zan faɗa miki sunansa, ko da ɗan fasto ne."

A sitonmu kowa na ɗaure da wani agogo na kamfani a hannu. Shi yake gaya maka layin da za ka, kwalin da za ka ɗauka, da daƙiƙa nawa ta rage maka. In kana sauri ya nuna kore, in ka tsaya ya koma ja yana girgiza maka hannu. Uwar Miji muke ce masa, don ba a taɓa burge ta. Ni kuwa, ba yabon kai ba, wata takwas ban ga ja ba. Hotona ne ma a allon bakin ƙofa a matsayin gwarzuwar mako.

Laraba da lokacin hutu na tafi ɗakin kamara. Mai kula da shi wani dogo ne da muke tsokana da Mujiya, saboda zaman duhu yana zare wa talabijin goma sha biyu ido.

"Buɗe mini layi na tara, Litinin," na ce.

"Anti, ki bar shi mana. Wanda ya tafi ya tafi."

"Kai, ba shawara na zo nema ba. Buɗe."

Ya sosa ƙeya, ya buɗe. Ga Baba yana shara, ƙarfe goma sha ɗaya da minti huɗu. Ya tsaya, ya dafa kantar kaya, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya zube. Wani ƙaramin kwali ya faɗo kusa da kansa. Hannunsa yana motsi, da ransa.

Sai ga mutum na farko da baron kaya. Ya kauce kaɗan ya wuce, idonsa a agogo.

"Yesu!" na ce. "Tsayar! Wannan ba mai kiɗan gangar mawaƙanmu ba ne?"

"Shi ne."

Na ciro biro na rubuta. Ta biyu ta wuce, na uku ya tsallake tsintsiyar Baba kamar mai tsallake kwata. Na ce cikin fushi, "Marasa tsoron Allah! Mutum a kwance kuna tsallakewa? Za ku ga tsiyata ranar Lahadi." Abin da ya fi ƙona mini rai, makon da ya wuce na koyar da labarin mutumin nan da 'yan fashi suka yasar a bakin hanya, firist ya ratse ya bar shi. Har kwaikwayon tafiyar firist ɗin na yi, mata suna ta dariya.

Na huɗu, na biyar, na shida. Mujiya ya kai hannu zai kashe.

"Ya isa haka, Anti."

Na buge hannun. "Wa kake ɓoyewa? Budurwarka ce?"

Ta bakwai mace ce, tana tafe da sauri sanye da rigar aiki ruwan lemo. Na buɗe baki zan zage ta, sai na lura da rigar. Mutum ɗaya ne ke sa ruwan lemo a aikin safe, wato shugaba.

"Ƙarya ne," na ce. "Ban bi ta layi na tara ba ranar."

Mujiya ya bar hoton ya ci gaba da tafiya. Matar ta iso daidai kan Baba, sai ta tsaya, ta sunkuya. Na dafe ƙirji, na ce Ubangiji na gode, ashe na tsaya, ashe firgita ce ta sa na manta. Sai na ga hannuna ya miƙa ya ɗauki kwalin nan da ke kusa da kunnensa. Na juya shi, na haska lambarsa da agogo, na mayar kan kanta, na gyara masa zama. Na wuce.

Sau uku na sa ya mayar baya. Kwalin na tuna shi sarai, na kofunan shayi ne, gefensa ya ɗan lotse, har na yi tsaki na ce ma'aikatan nan ba su da kula. Amma Baba, ko ƙafarsa ban tuna na gani ba. Shi firist ɗin da na yi wa dariya, ai sai da ya ga mutumin kafin ya ratse. Ni idona biyu, taku ɗaya tsakaninmu, abin da agogo ya nuna mini shi kaɗai na gani. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a wa'azin ranar shari'a.

"Ba mugunta ba ce, Anti," in ji Mujiya a hankali. "Kowa kore yake nema."

"Rufe mini baki! Saura fa?"

Ta takwas ita ce Hawainiya, wata yarinya mai sanyin jiki da kullum take ƙarshen jerin sauri. Ba ta zuwa coci, na sha goranta mata. Tana ganinsa ta saki baro, ta zauna a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta. Agogonta ya yi ta girgiza, ta ɓalle shi ta jefar. Tana ihu tana ɗaga hannu, tana shafa masa goshi, bakinta kusa da kunnensa. Minti goma sha tara tana nan, har masu asibiti suka zo suka rufe masa fuska.

"Tana ina?" na ce. "Ban gan ta ba yau."

Ya dube ni. "An sallame ta ai. Minti goma sha tara ba aiki, ga cire agogo. Na'ura ta sa sunanta a jerin ja."

"Wane mara imanin ne ya amince?"

Kafin in rufe baki na tuna. Kullum da safe jerin ke zuwa wayata. Jiya na danna "na amince" ina tafe, ban karanta ba, ina saurin gama aiki in samu zuwa gaisuwa.

Da yamma na tafi gidan Mama da takardar a jaka. Na same ta a tabarma cikin 'yan zumunta, rigar aikin Baba a ninke kusa da ita. Tana ganina ta gyara zama.

"Kin gano?"

"Na gano, Mama. Ba shi kaɗai ya cika ba. Kansa na kan cinyar mutum, ana shafa masa goshi har ƙarshe."

Ta ɗaga hannu sama tana kuka. "Na gode maka, Ubangiji!" Sai ta kamo hannuwana biyu ta matse. "Ai na sani. Na gaya musu tun jiya, in dai 'yata na wurin ba za ta bar shi ba. Kunya ce ta hana ki faɗa."

Mata suka ɗauki amin. Da na yi shiru, da shi ke nan, ba mai zuwa ɗakin Mujiya. Na ciro takardar, sunaye shida da rubutuna, na ɗora a tabarma.

"Ba ni ba ce, Mama. Mutum bakwai suka wuce shi da ransa. Ni ce ta bakwai, kwali na ɗauka kusa da kansa."

Ta saki hannuna a hankali. Ba ta ko kalli takardar ba.

"To wadda ta riƙe shin," ta ce, "kawo mini ita in gan ta."

Na ce, "Jiya na kore ta daga aiki."