Hayaƙin da Clorinda Take Bi

"Ku tsayar da shanun nan! Akwai mutum a ciki!"

Eduvina Barría ce ta kwarma ihun, ludayi a hannunta. Bijimai goma sha biyu da aka jera bibbiyu a karkiya suka dakata suna huci. An riga an zura gumagumai biyu ƙarƙashin gidan katakon dattijo Don Rosamel Chiguay, an ɗaura sarƙa, an fitar da murhun ƙarfen tun jiya. Duk mutanen tsibirin Tenquil sun fito gayya, domin a nan idan za a tashi, da gidan ake tashi: shanu su ja shi zuwa gaɓa, a ɗaura masa ganguna, jirgi ya ja shi a kan ruwa. Kowa ya ɗauka tsohon ya bi jirgin safe ya yi gaba. Sai ga hular ulunsa a tagar ɗakin sama.

Ɗansa Heriberto ya dafe kai. "Inna Eduvina, don Allah ki hau. Ni idan na je faɗa za mu yi, kuma ruwa ba zai jira mu ba."

Ta hau tsanin tana nishi, gwiwoyinta na ƙara. Ta same shi a kan kujerarsa, ya fuskanci teku.

"Maƙwabci, wannan kuma wane irin taurin kai ne? Shekara tamanin da biyu, ka hau sama ka maƙale kamar kyanwa."

"Sun cire mini murhu," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Tun jiya gidan nan ba hayaƙi."

Ta san kwanan zancen, ba wanda bai sani ba a Tenquil. Shekara talatin da takwas ke nan da matarsa Clorinda ta ɗauki kwando ta bi ruwa da ya janye, tana tsintar katantanwar teku. Hazo ya rufe, ruwa ya kawo, ba a ga gawa ba, ba a ga kwando ba. Matan tsibirin idan hazo ya ritsa da su a yashi, warin hayaƙin gidajensu suke bi su dawo. Tun ranar Rosamel bai bar bututun hayaƙin gidansa ya huce ba, ko da rana ta ƙwalle. Da likita ya ce a kwantar da shi a asibitin birnin Castro, cewa ya yi wa zai hura wuta.

Filin kuwa ya daɗe da mayar da shi sunan ɗansa. Heriberto, da yake can birnin Puerto Montt yana fama da haya da 'ya'ya uku, ya sayar wa wata Señora Pía daga Santiago. Ɗakuna shida za ta gina masu bangon gilashi, 'yan yawon buɗe ido su kwanta suna kallon teku. Fili take so, ba ruwanta da tsohon gida, shi ya sa za a kai shi tsallaken ruwa, kusa da ɗakin shan magani. Abin da Rosamel bai sani ba shi ne matar ta taya filin Eduvina ma, ta ce amma sai an kwashe gidan Rosamel tukuna. Eduvina kuwa ta gaji. Ta gaji da faskare, ta gaji da noman dankali ita kaɗai, ga 'yarta a Castro tana ta kira.

"Rosamel," ta ce a hankali, "Clorinda ƙawata ce tun muna 'yan mata. Ni na ɗaura mata jan zare a hannun kwandon nan don kada ya haɗu da nawa. Shekara talatin da takwas fa."

"Idan ta hauro ta tarar ba gida, ba hayaƙi, ina za ta nufa?"

"To ga bututuna, taku ashirin da naka. Ni zan riƙa hura mata."

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi fari-fari da tsufa, amma sai ta ji kamar har cikinta yake gani.

"Har yau ɗin nan?"

"Har yau. Ina sauka zan kunna."

"Ki sa ɗanyen itace, ya fi hayaƙi." Ya gyara zama. "Su ja. Amma ba zan sauka ba, ni da gidan nan tare za mu tafi."

Ta leƙa ta taga ta ce su ja da shi a ciki. Aka kwashe da dariya, wani ya ce tsoho zai shiga jirgi ba kuɗin mota. Mai kula da coci ya yayyafa ruwan albarka a kusurwoyi huɗu, masu shanu suka ɗaga tsumagiya, gidan ya yi wata ƙara kamar mai ciwon baya, ya motsa.

Wallahi da niyyarta ta sauko. Amma ita ce uwar girkin gayyar, kuma wanda ya ja gida dole a ciyar da shi har ya kasa tashi. Tana saukowa aka ce mata an manta buhun dankali a bayan coci. Daga nan sarƙa ta tsinke, wani bijimi ya taka ƙafar mai shi, ta tsaya ɗaure masa. Kafin ta farga gidan yana gaɓa, an ɗaura ganguna, ruwa ya kawo har ya ɗaga shi. Mai jirgi yana ta kira: "Masu girki su shigo, ko ku ci ɗanye!" Aka turo ta ciki da tukwanenta.

Sai da suka kai tsakiyar ruwa ta tuna. Ta waiwaya. Gidaje biyar ne a wannan gaɓar, duk masu su suna cikin jirage, suna rera waƙa suna miƙa wa juna giyar tuffa. Bututu biyar, ko ɗaya ba hayaƙi. Ga hazo yana gangarowa daga bakin teku, fari fat, yana cinye yashin sannu a hankali.

Gidan yana bin su a baya, ruwa har rabin ƙofa. A tagar sama ta hango hular ulun, mai ita ya juya yana kallon gaɓar da aka bari.

"A juya da ni," ta ce wa mai jirgi. "Na yi mantuwa."

"Da gida a bayanmu? Haba, Eduvina. Me kika manta, mijin aure?"

Ta ƙanƙame ludayinta.

A tsallake wasu shanun suka fito da gidan kan tudu, aka yi shewa. Heriberto ya hau tsanin yana cewa, "Baba, mun iso, ka ga ko jiƙa ba ka yi ba." Can ya sake cewa "Baba", da wata irin murya da ta sa mai kiɗa ya ajiye kayansa.

A kan kujerar suka same shi, idanunsa a buɗe wajen taga, jikinsa da sauran ɗumi. Kwalin ashana yana hannunsa. A ƙasa ga hularsa, gefenta ya ɗan babbake, ga ƙonannun tsinkayen ashana bakwai. Ulun ya sha laima, ya ƙi kama wuta. Eduvina ce ta rufe masa ido, sai da ta shafa sau biyu. Abincin gayya ya koma abincin zaman makoki, kuma ba ta gaya wa kowa komai ba.

Bayan an binne shi, a rana ta uku da hantsi, ta dawo gida. Inda gidan Rosamel yake a da sai baƙar ƙasa mai kusurwa huɗu, da dutsen bakin ƙofa da aka bari. Señora Pía tana wajen cikin jar rigar ruwa, an kakkafa mata turaku, tana ɗaukar hoto da waya.

"Doña Eduvina! Zo ki gani, mutanen garin nan akwai karamci. Wa ya ajiye mini wannan? Irin abin da baƙina za su so ke nan."

A kan dutsen kwando ne, cike da katantanwar teku, ɗanyu, suna ta tsartar da ruwa. Saƙar ta yi baƙi, gansakuka ta kama gindinta. A hannun kwandon akwai zare, ya koɗe ƙwarai, amma Eduvina ta gane ƙullin, domin ita kaɗai ke ƙulli irin wannan a Tenquil. Ta dubi yashi. Ruwa ya riga ya kawo ya shafe komai.

"To ranar Alhamis za mu sa hannu a takardun filin naki, ko?" in ji Pía.

Eduvina ta sunkuya ta ɗauki kwandon, sanyinsa ya ratsa mata hannu, ta yi taku ashirin zuwa gidanta. Ta tsallake busasshen faskaren da ke bakin ƙofa, ta zaɓo ɗanyen itace daga ƙasan tarin, ta durƙusa gaban murhu tana hurawa har idanunta suka yi ja. Ta ɗora buta, ta sauko da kofi biyu, ta tokare ƙofar da dutse don kada iska ta rufe ta.

Hayaƙin ya fita da kauri, ya kwanta a kan rufin, sannan ya gangara wajen ruwa.