Naman da Ba a Yanka Ba

…kuma ai ba cewa ta yi za ta cinye farantin ba. Loma ɗaya ta ce. Loma ɗaya, a gaban kowa, kuma Vidyawati ba ta taɓa yin amai ta lashe ba.

Ga shi nan a gabanta. Ɗan mitsitsi, bai kai babban yatsa ba, an kwantar da shi tsakiyar farin faranti kamar jaririn masu kuɗi. Naman salwa. Salwar da ba ta taɓa tashi sama ba, ba ta taɓa kuka ba, ba wanda ya sa mata wuƙa… a tukunyar ƙarfe aka raine ta, a ɗakin gwaje-gwajen da 'yarta Roshni ta kwashe shekara goma tana shiga da farar riga. Yau ake fara ba jama'a, a wannan gidan abinci na tsakiyar Sydney, da rana tsaka. Ga Roshni can bakin ƙofar kicin tana gaisawa da 'yan jarida, baki na dariya, ido ɗaya na kan uwarta.

Shekararta saba'in da ɗaya a duniya. Ko ƙwai bai taɓa wuce leɓenta ba.

Baban Roshni, kana gani? Kai ka huta, tokarka ta daɗe da bin teku, ka bar ni da wannan 'yar taka mai taurin kai. Taurin kan wa ta gado? Kada ka ce nawa. Kada ma ka fara.

Ƙamshin… a'a, ƙauri ne. Ƙauri. Tana jin sa har cikin haƙora.

"Didi, bana ki huta."

Pushpa ke nan, kwanakin baya. Pushpa, wadda suka fi shekara ashirin suna murza gurasar roti kafaɗa da kafaɗa a kicin ɗin haikalin Hindu, tun suna sababbin zuwa daga Fiji, ba su san ko inda ake hawa jirgin ƙasa ba. Ta tare ƙofa da jikinta, hannu duk gari. Didi, wai babbar yaya, da bakin girmamawa za a kore ta. Bana ki huta, kayan zaƙin bikin Diwali mu ma za mu iya. Ba don komai ba… kin san dai firijin gidanki.

Firijin gidanta! Don Roshni ta taɓa biyowa daga aiki ta ajiye 'yar robar naman nan a ciki, a rufe, a ƙulle cikin leda, kafin ta wuce gida. Wa ya gani? Wa ya kai labari? Matan nan ko tusa ka yi a unguwar Liverpool ta nan Sydney sai an ji warinta a Labasa, can Fiji.

"Nama nama ne, Didi, ko a kwalba aka haife shi."

To, madalla. Ɗanki fa, Pushpa, kaji nawa yake tsomawa a mai kullum a shagonsa? Kaji masu rai, masu ido, masu kuka. Wa ya sa wa haikalin nan na'urar sanyaya ɗaki, in ba kuɗin kajin ba? A ƙarƙashinta kuke zama kuna waƙar yabo, sanyi na ratsa ku, ba wadda ta ce ƙazanta. Sai 'yata, da ta ce a daina yanka… ita ce ƙazama? Ta faɗa. Duk ta faɗa, da ƙarfi, har yarinyar da ke wanke tukwane ta saki murfi. Da ta tsaya nan da an wuce wurin. Amma baki in ya ɗau zafi ba ya jin birki. Ranar Asabar zan je in ci. Da wannan bakin da nake addu'a da shi. Ku zo ku kalla!

Ba su zo ba. Matsorata. Amma suna jira, wayoyinsu na hannu, ta sani.

Kada ta duba taga. Kada ta… ta duba.

Ga ta can a tsallaken titi, cikin masu ɗaga kwalaye, gashi a aske gefe guda kamar wadda ta yi jinya. Tarini. Jikarta, mai ce mata Nani, wato kaka. 'Yar Roshni ta cikinta, tsaye a rana tana yi wa uwarta ihu. Su kuma nasu addinin daban ne, ba haikali, ba limami, amma sun fi kowa tsanani: ba nama, ba madara, ba zuma, ba takalmin fata. Dabba ba abinci ba ce, ko ta wace hanya. Wai muddin mutane na marmarin nama, ko na tukunya ne, ba su daina kallon dabba da idon yunwa ba.

"Nani, man shanunki ya fi naman Mami jini."

A kicin ɗinta ta faɗa mata haka, cokali a hannu, tana ture miyar dal ɗin da aka zuba wa man. Kin san inda ake kai 'yan maruƙa maza in an raba su da uwa, don ke ki sami madarar shayi? Yarinyar da ta goya! Ta wanke wa kashi! Ta so ta kwaɗa mata mari. Ba ta yi ba. Ta so ta ce ƙarya ne. Ba ta… ba ta ce ba. Tun ranar, in ta buɗe kwalbar man sai hannunta ya ɗan tsaya. Amma tana zubawa. Tana zubawa mana! Man shanu ake kunna wa Ubangiji fitila da shi, 'yar jiya za ta koya mata tsarki?

Waɗancan sun ce ta ƙazantu. Wannan ta ce dama can ba ta taɓa tsarkaka ba. A tsakiya kuma ga Roshni ita kaɗai, da farar rigarta.

Ƙarƙashin gado, can Fiji, shekarun baya. Ƙafafu biyu 'yan ƙanana sun leƙo, duk ƙurar gonar rake. Maƙwabcinsu Chacha Rahiman na yanka akuyar sallarsu, mutumin kirki, bai taɓa aiko musu da nama ba, sai taliya mai zaƙi a kwanon da bai taɓa ganin nama ba. Amma kukan akuya ba ya tsayawa a shinge. Roshni 'yar shekara bakwai, yatsu cikin kunnuwa, majina har baki. Maa, ba za a iya ba su naman ba tare da akuyar ta yi kuka ba? Ita kuma ta yi dariya, ta jawo ta da ƙafa. Wawuya, ina aka taɓa yi?

Ashe ba wasa take yi ba. Baban Roshni, ashe yarinyar nan da gaske take, mu ne muka yi dariya.

To me ya hana? A faɗa mata, me ya hana? Uwarta Ramdulari cewa ta yi: kada ki sa wani rai kuka saboda cikinki. Shi ke nan, ba ta ƙara ko kalma ba, tana tsintar tsakuwa a shinkafa ta faɗa. Wannan kuwa wane rai ya yi kuka? Ta tambayi malamin haikali. Ya sosa ƙeya, ya dubi rufi, ya ce littattafai ba su hango wannan ba, amma dai… amma dai gara a kiyaye. Gara a kiyaye! Amsar wanda bai sani ba ke nan. Ta tambayi Roshni ita ma, ido cikin ido: farkon abin daga ina? Daga jikin tsuntsuwa guda, Maa, ɗan ƙiris aka ɗiba. Ta ji zafi? Roshni ba ta iya ƙarya ba, tun tana yarinya. Kaɗan. Sau ɗaya.

Sau ɗaya. Tsuntsuwa guda, a madadin dubbai. Ko ɗayan ma ya yi yawa? Wa ke riƙe da ma'aunin? Pushpa? Tarini da kwalinta?

Wani saurayi mai kyamara ya matso. Yana son hoton tsohuwa mai zanen sari da jan ɗigo a goshi tana cin nama. Ɗauka, yaro. Ɗauka da kyau, a gani har Labasa.

Cokali mai yatsu, wuƙa, wani cokalin… ture su. Abin da za ta ci da gaske da hannu take ci. Yatsu uku. Da ɗumi. Laushi ne da shi, yana ɗan motsi ƙarƙashin yatsa kamar… kada ki ce kamar me. Kada ki ba shi suna.

A mota da safe Roshni ta riƙe mata hannu. Maa, ba dole. Ki zauna kawai in gan ki, ya ishe ni. Ya ishe ki? Shekara goma kina ɗanɗana abin nan ke kaɗai, kina wanke baki kafin ki shigo gidana, kin zaci ban sani ba? 'Yarki ta juya miki baya, mutanena sun daina amsa gaisuwarki, sannan in zo in zauna in naɗe hannu kamar baƙuwa a gidan biki? Ba ni ba. Ba 'yar Ramdulari ba.

Ta ɗago lomar. Hannun ya tsaya a hanya, ya ƙi ƙarasawa. Jikin nan ma ashe da nasa ra'ayin, ba a yi shawara da shi ba ranar da baki ke ɗaukar alkawari. Yi shiru. Ni ke da kai.

Hai Ram, ya Ubangiji. In laifi ne, a kaina, kada a rubuta wa yarinyar.

Ta sa a baki.

Gishiri. Ɗan hayaƙi. Kitse na narkewa a kan harshe, yana bin gefen baki, yawu na tsattsafowa da kansa ba wanda ya kira shi… ta jira ƙyama. Ina ƙyamar? Ta shirya mata, ta zo da hankici a naɗe cikin tafin hagu saboda ita. Ina take?

Da daɗi.

Wayyo. Da daɗi, Baban Roshni. Wannan ne ba wanda ya gaya mata. Ta shirya wa wahala, ta shirya ta haɗiye abu mai ɗaci saboda 'yarta ta fito da kai a sama. Wannan kuwa… in harshe ya gane shi tun ba a gabatar da su ba, to duk shekarun nan wa ke ƙi? Ita, ko dai ba a taɓa gwada ta ba ne kawai?

Ta daina taunawa. Ba ta haɗiye ba. Hankici na hannu, ya jiƙe da gumi. A tsallaken titi kwalin Tarini ya sauko ƙasa, yarinyar ta daina ihu, tana kallo ta gilashi.

Roshni ta iso, ta durƙusa gefen kujera, ƙwalla taf ido.

"Maa… yaya?"

Bakinta cike. Ba ta da hanyar amsawa sai ta haɗiye, ko ta tofar.